Kafin Ka Miƙa Wa Akanta Littafinka

Wani kafinta da muka daɗe da sani, wanda yake yi wa makarantun yankinmu bencina da allunan bango, ya zo ofishinmu wata rana da hantsi, yana riƙe da wata takarda a cikin leda, ransa a ɓace. An fitar da kwangilar teburan wata makarantar firamare, ya nema, aikinsa kuwa duk wanda ya gani ya san babu algus a ciki. Da aka zo tantance takardu, sai aka ce takardarsa ta shaidar biyan haraji ba ta cikin rajistar hukuma. Watau dai ta jabu ce. Ya ce mana, "Ranka ya daɗe, shekara uku ke nan ban taɓa fashin biya ba. Kowace shekara nakan ƙirga kuɗi in ba mutumin nan a hannu, shi kuwa ya kawo mini takarda da hatimi." Muka tambaye shi ko yana da rasit na banki ko da guda ɗaya. Ya ce shi bai san ana ba da wani rasit ban da wannan takarda ba. Muka tambaye shi ina ofishin mutumin yake. Ya ce ai a bakin ofishin haraji suka gamu, a gindin wata bishiyar darbejiya.

Kwangila ta wuce shi. Ban da wannan kuma, bashin harajin shekara uku yana nan a wuyansa, gama hukuma ba ta san da zaman wancan mutum ba, sunan kafinta ta sani. Kafin damina ta faɗi sai da ya sallami biyu daga cikin yaran da ke koyon aiki a wurinsa.

Mu dai malaman makaranta ne, ba akantoci ba, muna kuwa iya cewa ba ruwanmu. Amma fa duk makarantar da ka gani tana tsaye, akwai masu ƙananan sana'o'i a bayanta: telan da ke ɗinka rigunan yara, da mai kantin littattafai, da magini, da matan da ke dafa abincin ɗalibai. Malamanmu ma da yawa suna da ɗan shago ko injin niƙa ko kiwon kaji a gefe, domin albashi ba ya kai wata. Tun da aka fara aiki da sababbin dokokin haraji kuwa, da wuya mako ya wuce wani bai tare mu da tambaya ba, wai wa zai samu ya riƙe masa wannan al'amari. Saboda haka muka ga ya kamata mu faɗi abin da muka fahimta a fili, ko Allah ya sa wani ya tsira daga abin da ya sami kafinta.

Harajin jiya da na yau

Kakanninmu ba su bukaci akanta ba, domin harajin zamaninsu ba mai biya ke lissafa shi ba. A zamanin En'e hukuma ce ke yanka wa gari abin da zai biya, hakimi ya sanar da dagaci, dagaci da masu unguwa su raba wa magidanta, malamin haraji ya rubuta, kuɗi su tafi Baitulmali. Bafulatani kuma a ƙirga shanunsa a karɓi jangali. Abin da ya rage wa talaka shi ne ya nemo kuɗin, ko da zai sayar da akuya ko ya tafi cin rani, ya miƙa wa mai unguwa, ya karɓi 'yar takardarsa. Mun ji a bakin iyayenmu yadda mutum kan naɗe takardar nan ya adana kamar laya, gama ana iya tsare shi a hanyar kasuwa a ce ya nuna. Wanda ya ga an yi masa nauyi kuwa, sai ya nemi mai fada a wurin dagaci ya roƙa masa sassauci. Harajin nan ya ci gaba har bayan En'e, sai a 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke shi tare da jangali a jihohinsu.

Harajin ya tafi, amma ɗabi'ar da ya bari ba ta tafi ba. Har gobe mutanenmu da yawa suna ɗaukar haraji a kan abu ne da ake miƙa wa wani mai fada a hannu, shi ya san yadda zai yi da hukuma. A kan wannan ɗabi'a ce masu zama gindin bishiya suke cin abinci. Harajin yau kuwa ya juya. Kai ne za ka faɗa wa hukuma abin da ka samu a shekara, ka lissafa abin da ya hau kanka, ka sa hannu cewa gaskiya ka faɗa. In an sami ƙarya a ciki, kafin a nemi wanda ya riƙe alƙalami, mai sa hannu za a fara kira. Akanta yana iya ɗauke maka wahalar lissafi, amma ba ya iya ɗauke maka alhakin.

Ran 26 ga watan Yuni 2025 Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan dokoki huɗu na haraji, aka fara aiki da sabon tsarin ran 1 ga watan Janairu 2026. Hukumar harajin Tarayya da aka sani da FIRS ta koma NRS. Abin da ya fi shafar ƙaramin ɗan kasuwa shi ne ya san ƙofar da zai shiga. Wanda yake sana'a da sunansa, ko ya yi rajistar sunan shago kawai a hukumar CAC, ribarsa tasa ce ta kansa a idon doka, hukumar harajin jihar da yake zaune a cikinta ce kuma za ta karɓa. Wanda ya yi rajistar kamfani sosai, to, kamfanin nan wani mutum ne dabam a wurin doka, harajin ribarsa na Tarayya ne, amma harajin albashin ma'aikatansa, har da albashin shi maigidan, jiha ake kai wa. Mun ga mutanen da aka zuga suka yi rajistar kamfani don sunan ya yi daɗin faɗi, ba a gaya musu sun ɗauko wa kansu wajibai na kowace shekara ba.

Ga mai sana'a da sunansa, naira 800,000 na farko na abin da ya samu a shekara babu haraji a kansu. Naira 2,200,000 da ke biye ana ɗaukar kashi 15 cikin 100, naira miliyan 9 na gaba kashi 18, haka abin ke hawa har ya tsaya a kashi 25 a kan abin da ya haura naira miliyan 50. Ƙaramin kamfani kuwa, dokar kuɗi ta 2019 ta yafe masa harajin riba in cinikinsa na shekara bai wuce naira miliyan 25 ba, dokar 2025 kuma ta ɗaga wannan iyaka sama. Amma a kula, yafe biya ba yafe kai bayani ba ne. Kamfanin da ba kwabo a kansa ma tilas ya kai lissafinsa, wanda ya ƙi kaiwa kuwa tararsa naira 100,000 ce a watan farko, sa'an nan naira 50,000 a kowane watan da ya biyo baya.

To, ba kowa ke bukatar akanta ba, kada a ruɗe ku. Mai ƙosai, da mai shayi, da matar da ke sayar da atamfa daga cikin gida ta waya, in ribar shekara ba ta kai naira 800,000 ba, littafi mai layi irin na 'yan makaranta da biro sun ishe su, doka kuma ta yarda mutum ya je ofishin haraji ya tsaya da kansa. Wanda muke magana da shi shi ne wanda sana'arsa ta fara girma: ya ɗauki ma'aikata da albashi, ko yana neman kwangilar gwamnati, ko rance a banki, ko ya yi rajistar kamfani, ko kuwa kuɗi sun fara shige da fice a asusunsa har shi kansa ba ya iya bambanta nasa da na mutane.

Shaida tukuna

Aikin akanta a ƙasar nan yana da ƙungiyoyi waɗanda doka ta tabbatar. Marigayi Akintola Williams shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya ci jarrabawar akanta ta Ingila a 1949, ya buɗe ofishinsa a Ikko a 1952, yana kuma cikin waɗanda suka assasa ƙungiyar ICAN wadda aka kafa da doka a 1965. Ƙungiyar ANAN an kafa ta a 1979, doka ta tabbatar da ita a 1993, tana da kwalejinta a Kwall kusa da Jos. Akwai kuma CITN, wadda aikinta haraji ne zalla, an kafa ta a 1982, doka ta tabbatar da ita a 1992. Kowacce tana da rajistar 'ya'yanta, kowa da lambarsa, tana kuma da kwamitin ladabtarwa wanda ke iya cire sunan wanda ya ci amana. Shaidar nan ba ta mai da mutum waliyyi. Amfaninta shi ne tana nuna yana da abin da zai yi hasara, kai kuma kana da inda za ka kai ƙara. Mai zama gindin bishiya in ya cuce ka, iyakacin hasararsa ya sake bishiya.

Saboda haka ka tambaye shi ƙungiyarsa da lambarsa da lasisinsa na yin aiki na shekarar da ake ciki, ka rubuta, ka tafi ka bincika. Ƙungiyoyin nan suna da rassa a manyan garuruwa irin su Kano da Kaduna. Kada takarda mai gilashi a bango ta ishe ka. Mu da muke tantance takardun masu neman aikin koyarwa mun ga shaidar jabu wadda ta fi ta gaskiya kyau, ba a gane ta sai da aka aika wa kwalejin da aka ce ita ta bayar. Har wa yau dokar gudanar da haraji ta 2025 ta ce wanda zai wakilci mutum a gaban hukumar haraji sai wanda hukumar ta amince da shi, saboda haka ba laifi ba ne ka shiga ofishin haraji ka tambaya ko sun san shi. Kuma ka je ofishinsa da ƙafarka. Mutumin da kullum shi ne zai zo ya same ka, ba ya so ka san inda yake zama, lalle akwai dalili.

A nan ya kamata a rarrabe abubuwa uku da mutane ke cuɗawa. Akwai akawun da ke rubuta ciniki kullum, wannan yaro mai hankali da ya gama makaranta ma yana iya yi. Akwai akanta da ke tattara lissafin shekara ya fitar da haraji. Akwai kuma odita, wanda ke binciken lissafin da wani ya yi ya sa hatiminsa. Ladan odita ya fi tsada, dokar kamfanoni ta 2020 kuwa ta ɗauke wa ƙaramin kamfani tilascin naɗa shi. In an ce maka sai ka biya kuɗin odita, ka tambaya wa ya nema, banki ne ko mai ba da kwangila, kada ka biya don an faɗa da Turanci.

Tambayar da zai fara yi maka

In shaida ta tabbata, to, saura ka zauna ka saurara. A ganinmu babu abin da ke tona asirin akanta kamar tambayar da zai fara yi maka. Wanda ya fara da cewa, "Alhaji, nawa kake so ka biya?" ka sha ruwansa ka yi masa sallama. Wannan ba lissafi zai yi ba, zai fara daga ƙasa ne ya ƙirƙiro lambobin da za su dace da abin da ka faɗa, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne, balle yanzu da ciniki ya koma banki da na'urar POS, kowace naira tana barin sawu. Haka nan wanda ya ce yana da mutane a ciki, kada ka damu. Mutanen ciki ana yi musu canji, ana yi musu ritaya, amma fayil ɗinka yana nan. Wanda ya fara da cewa, "Ina littafinka?" shi ne ya zo aiki, ko da tambayar ba ta yi maka daɗi ba.

Sa'an nan ka duba ko ya san irin kasuwarka, gama lissafin da aka koya a aji dabam, lissafin kasuwa dabam. Ɗauki dillalin hatsi a Dawanau. Wani ya aiko masa da naira miliyan 10 daga Kudu ya saya masa wake, kuɗin suka shiga asusunsa yau, jibi suka fita. Nasa a ciki la'ada ce kawai. Akantan da bai san dillanci ba zai rubuta kuɗin nan gaba ɗaya a cikin cinikin dillali, ya kumbura shi ya zama attajiri a takarda. Haka mai shago a Kantin Kwari wanda ya ba yaransa kaya su je su sayar su kawo: kayan sun fita daga shago amma kuɗi ba su shigo ba, waɗansu ma ba za su taɓa shigowa ba. Ga kuɗin adashi, ga ajiyar da 'yan'uwa na ƙauye ke kawowa, ga gudummawar biki da ta shigo ta asusun shago domin shi ne lambar da kowa ya sani. Duk waɗannan ba riba ba ne, amma ba mai yarda da haka sai an nuna a rubuce. A ɗaya gefen kuma, kuɗin cefane da na makarantar yara da maigida ke zara daga aljihun tebur kowace safiya ba hasarar shago ba ce, ribar ce yake ci tun ba a ƙirga ba. Akanta na ƙwarai abin da zai fara tilasta maka shi ne ka raba asusu biyu, na gida dabam na sana'a dabam, zai kuwa ɓata maka rai a kan wannan har ka saba.

Bari mu buga misali don a ga abin da rashin littafi ke ci. A ce mai kanti ya yi cinikin naira miliyan 20 a shekara, ainihin ribarsa bayan ya fitar da kuɗin kaya da haya da albashi da man janareta naira miliyan 2 ce. A cire naira 800,000, saura 1,200,000, kashi 15 cikin 100 nasu naira 180,000 ke nan. To, a ce ba shi da littafi. Doka ta ba hukuma ikon yi masa ƙiyasi, a ce jami'i ya dubi abin da ya shiga banki ya ƙiyasta ribar a kan naira miliyan 4. Harajin ya zama 330,000 a kan mataki na biyu, da 180,000 a kan na uku, jimla naira 510,000. Bambancin naira 330,000 ne a shekara guda, jami'in kuwa bai yi zalunci ba, abin da ya gani ya bi. Mai kanti zai rantse ribarsa ba ta kai haka ba, gaskiya ne kuwa, amma rantsuwa ba ta shiga fayil.

Abin mamaki shi ne wannan aiki ba baƙo ba ne a wurinmu. Ɗan kasuwa Musulmi kowace shekara yakan ƙirga kayan shagonsa, ya haɗa da kuɗin hannu da bashin da yake sa ran za a biya shi, ya fitar da ɗaya cikin arba'in na zakka. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a surar Baƙara, a kan rubuta bashi take magana. Mutumin da ya iya ƙidayar zakka ya riga ya iya rabin abin da akanta zai nema. Sai dai a lura, zakka a kan dukiyar da ta shekara ake fitar da ita, haraji kuwa a kan abin da aka samu cikin shekara, kada a ɗauki lissafin wannan a kai wa wancan.

Mu gwada shi yadda muke gwada malami

A kwalejin horon malamai ba ma ba ɗalibi shaida don ya haddace littafi. Mukan tura shi aji, mu zauna a baya, in ya gama darasi mu tambayi yara. In yara ba su gane ba, malami ne ya faɗi. Haka ya kamata a yi wa akanta. Ka ce ya bayyana maka da Hausa, ko da harshen da kake ciniki da shi, yadda ya kai ga adadin da ya ce za ka biya, har ka iya maimaita wa ɗanka da dare. In ya ce abin yana da zurfi ba za ka gane ba, to, ko shi ma bai gane ba, ko kuwa ba ya so ka gane, duka biyun kuwa ba alheri.

Ka jefa masa tambaya biyu ko uku waɗanda ka riga ka san amsarsu. Tambaye shi hayar shago da hayar gida ɗaya suke? Amsa ita ce hayar shago tana cikin kuɗin da ake fitarwa kafin a san riba, hayar gidan da kake kwana kuwa sabuwar doka ta ba da rangwamen kashi 20 cikin 100 nata, amma kada ya wuce naira 500,000. Tambaye shi kuɗin da ma'aikata ko babban kamfani ke zarewa kafin su biya ɗan kwangila, ina suke zuwa? Amsa ita ce wannan haraji ne ka biya tun gaba, akwai shaidarsa da ya kamata a karɓo, a rage shi daga abin da za ka biya a ƙarshen shekara. Masu kawo wa makarantu kaya da yawa suna biya sau biyu saboda ba wanda ya bi musu wannan shaida. Sa'an nan ka ce ya faɗa maka ranaku ba tare da ya duba takarda ba. Harajin albashin ma'aikata ran 10 ga watan da ke biye, bayanin harajin VAT ga wanda ya hau kansa ran 21, bayanin ma'aikata na shekara ran 31 ga watan Janairu, na mutum a kan kansa ran 31 ga watan Maris, na kamfani kuwa cikin wata 6 bayan rufe shekarar lissafinsa. Wanda sana'arsa ke nan ya san waɗannan kamar yadda liman ya san lokutan salla.

Kuɗi biyu ne, kada su gamu

Ga abin da ya kashe kafinta. Ladan akanta dabam, kuɗin hukuma dabam, kada su taɓa gamuwa a hannu ɗaya. Ladansa ku yi ciniki a kai tun farko, a rubuta, a faɗi abin da ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba. Kada ka yarda a ce ladansa wani kaso ne na abin da ya rage maka daga haraji, gama ka ba shi dalilin yin ƙarya da sunanka ke nan. Kada kuma ka bi mafi araha don araha kawai, ka tambayi abokan sana'arka biyu ko uku abin da suke biya. Masu shaguna a layi ɗaya ma suna iya haɗa kai ta hanyar ƙungiyarsu su ɗauki mutum guda, muddin kowa littafinsa dabam. Kuɗin hukuma kuwa kai za ka kai banki, ko ka tura daga asusunka zuwa asusun gwamnati, rasit ya fito da sunanka da lambar harajinka. Takardar shaidar biyan haraji tana nuna shekara uku na baya, ofishin da ya bayar kuma yana iya tabbatar maka da ita. In an kawo maka, kada ka sa a akwati sai ka je ka ji daga bakinsu.

Akwai kuma wani sabon mabuɗi da iyayenmu ba su sani ba. Yanzu yawancin bayanin haraji ta intanet ake kai shi, akwai lambar waya da adireshin imel da kalmar sirri da ake buɗe fayil da su. Akantoci da yawa kan sa nasu, wai don sauƙi. Ran da kuka ɓata, sai ka tarar an kulle ka a waje da ɗakinka, saƙon hukuma kuma yana zuwa wayar mutumin da ba ya ɗaukar kiranka. Lambar waya taka za a sa, kalmar sirri ka rubuta ka adana inda kake ajiye takardar gida. Ainihin rasitai da takardun rajista su zauna a wurinka, shi ka ba shi hoto, doka kuwa tana so a adana su har shekara 6.

Wani zai ce duk wannan tsanani na mene ne, ai ɗan ƙanena ya karanta lissafin kuɗi, shi zan ba. Madalla, in yana da shaida kuma ya iya. Amma a nan ne kunya ke shigowa ta yi ɓarna. Yaro ba ya iya duban kawunsa ya ce, "Kawu, kuɗin da ka ɗiba jiya ba ka rubuta ba." Kawu ma yana jin nauyin ya ce wa ɗan ƙanensa ya kawo rasit, kada a ce ya zarge shi. Haka za a yi ta shiru har takardar tara ta zo, sa'an nan zumunci ya lalace gaba ɗaya. In dai na gida za a ba, to, a yi rubutun nan da za a yi da bare, a gaban wani babba, a ce don mutuwa da mantuwa ne, wannan kalma ba ta ɓata wa kowa rai. Mun kuma san dalilin da ya sa 'yan kasuwa da yawa ba sa son bare ya ga cikin littafinsu, suna gudun baki da masu zuwa neman rance. Tsoron yana da tushe. Saboda haka ka lura da akanta tun zaman farko: in ya shiga ba ka labarin ribar Alhaji wane don ya nuna maka manyan da yake yi wa aiki, gobe labarinka zai ba wani.

Tambaya ta ƙarshe da za ka yi masa ita ce, ran da takarda ta zo daga hukuma da adadin da ba ka yarda da shi ba, ina zai kasance? Doka ta ba ka kwana 30 ka rubuta ƙin amincewa tare da hujja, in kwanakin suka wuce kana shiru adadin ya zauna. In hukuma ta ƙi sauraro akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, tana zama a Kaduna da Jos da Bauci da Abuja, dokokin 2025 kuma sun kafa ofishin sauraron koke-koken masu biyan haraji. Ka ji daga bakinsa ko zai raka ka, ko ladan rakiyar yana cikin abin da kuka yanka, kuma in shi ne ya makara har aka ci tara, wa zai biya. Waɗansu za su ce wannan tambaya ta yi tsauri. Mu dai mun ga wanda ya san aikinsa ba ya jin haushinta.

Kafinta ya koma ofishin haraji tare da babban ɗansa, ya faɗi abin da ya faru, aka lissafa masa bashinsa, yana biya kaɗan kaɗan ta banki. Akantar da ya samu daga baya mace ce, ta kuwa ƙi taɓa takardunsa sai da ya buɗe asusu na biyu. Ya zo yana yi mana ƙorafi wai har ƙusa da gam sai an rubuta. Amma ya zaro littafin daga aljihun babbar rigarsa ya nuna mana, irin mai ganye 80 ne da muke raba wa 'yan aji shida, ɗaya daga cikin yaran shagon ke rubutawa kowace yamma. Mun duba, mun tarar yaron yana haɗa jimla daidai, sai dai yakan manta da kwanan wata, muka ja masa layi da jan biro a gefen hagu. Kwangilar zangon karatu mai zuwa ba za ta same shi ba, domin shaidarsa ba za ta fito ba sai ya gama biya. Ya ce in Allah ya kai mu bayan girbi zai dawo da ita.